Allon matuƙin jirgin sama: me ya kamata ya nuna, me ya kamata ya ɓoye?

Malam Nuhu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da mutane da yawa suka ɗauka tabbas ce, ni kuwa ina ganin tana buƙatar a sake dubanta: wai tun da aka maye gurbin tsofaffin agoguna masu allura da allunan kwamfuta, an gama da matsalar karanta bayanai a ɗakin tuƙin jirgin sama. Ba shakka an rage tarkace ƙwarai. Lokacin da Boeing 747-400 ya fara aiki a 1989, yawan agoguna da fitilu da maɓallan ɗakin tuƙi ya sauko daga 971 zuwa 365, kuma aka daina buƙatar injiniyan jirgi, wato mutum na uku da ke zama bayan matuƙa yana lura da injuna da mai da lantarki. Sai dai aikin wannan mutum bai ɓace ba, an raba shi ne tsakanin kwamfuta da matuƙa biyun da suka rage. Saboda haka nake tambayar masana da ke cikinmu: shin allon ya sauƙaƙa aiki ne, ko kuwa ya ɗauke wahala daga ido ya ɗora ta a kan tunani? Kuma wane ɓangare ne ya fi ba masu zayyana waɗannan alluna wuya?

Kyaftin Garba:
Wa alaikumus salam, Malam Nuhu. Kafin a yi kewar tsofaffin agoguna, ya kamata a tuna cewa su ma sun ci rayuka. Tsohon ma'aunin tsayi allurai uku gare shi, ɗaya ta ɗaruruwan ƙafa, ɗaya ta dubbai, ɗaya ta dubbai goma, kuma ta dubbai goman ita ce mafi ƙanƙanta, ta yadda takan ɓuya a bayan 'yan'uwanta. Matuƙin da ya gaji, cikin dare, yana iya karanta ƙafa 16,000 alhali yana kan 6,000. Tun a 1949 wani mai bincike a rundunar sojin saman Amurka, Walter Grether, ya gwada ya nuna cewa irin wannan ma'auni ya fi sauran ɗaukar lokaci wajen karantawa, kuma ya fi su jawo babban kuskure. Lamba a fili ta kawar da wannan.

Amma akwai abin da muka rasa, kuma ba ƙarami ba ne. Da agogo mai allura, ba sai ka karanta ba: da wutsiyar ido kana ganin inda allurar ta dosa da saurin da take tafiya, ka san ko gudunka yana raguwa. A allo kuwa gudu yana zuwa ne a matsayin tsiri mai lambobi da ke zamewa sama da ƙasa, kuma 140 da 120 kamanninsu ɗaya har sai ka tsaya ka karanta. Shi ya sa masu zayyana suka ƙara wata kibiya a gefen tsirin, wadda ke nuna gudun da jirgi zai kai nan da daƙiƙa goma, suka kuma shafa launi a iyakokin haɗari. Wato sai da aka koma aka ƙirƙiro abin da allura take bayarwa kyauta. Abin da ba a taɓa ba shi ne jerin kayan: gudu a hagu, zaman jirgi (wato karkatarsa da inda hancinsa ya dosa, sama ko ƙasa) a tsakiya, tsayi a dama, alƙibla a ƙasa. Haka yake a agoguna, haka yake a allo, kuma ina ganin wannan hikima ce.

Injiniya Hadiza:
Kyaftin, na gode da wannan bayani. Bari in kawo abin da ke gabanmu mu masu ƙera kayan. Allon dole ya karantu lokacin da rana ta bugo shi kai tsaye a saman gajimare, inda haske kan kai kimanin lukus 100,000 (lukus ma'aunin ƙarfin haske ne), kuma dole a iya rage haskensa da dare har kada ya kashe wa matuƙi ganin waje. Dole launinsa ya tsaya yadda yake idan matuƙin da ke ɗaya kujerar ya hango shi a karkace, kuma ya jure zafi da sanyi da jijjiga da tsawa. Waɗannan duk ana shawo kansu da kuɗi da gwaji.

Abin da ya fi wuya shi ne gaskiya. A wurinmu, allon da ya mutu ya yi baƙi ƙirin ya fi allon da ke nuna ƙarya cikin kyakkyawan rubutu, domin idan ya mutu matuƙi ya sani, zai juya ga allon abokin aikinsa ko ga ƙaramin ma'aunin ko-ta-kwana mai hanyar lantarki daban. Amma idan hoton ya daskare, ko lambar ta kauce a hankali, babu abin da zai sanar da shi. Ƙa'idar manyan jirage ita ce, duk lalacewar da za ta iya halaka jirgi kada yiwuwarta ta wuce sau ɗaya cikin sa'o'in tashi biliyan ɗaya, kuma nuna wa matuƙa biyu zaman jirgi na ƙarya a lokaci guda yana cikin wannan rukuni. Don haka ake rubuta manhajar bisa mataki mafi tsauri na ƙa'idar DO-178C, ake kuma sa wata kwamfuta tana kwatanta abin da ɓangarorin biyu ke nunawa, ta ɗaga tuta idan sun saɓa. Wannan ne dalilin da ya sa allon jirgi yake zama kamar ya tsufa idan aka kwatanta shi da na waya: kowane sauyi sai an sake tabbatar da shi.

Dakta Lawal:
Injiniya, ban musanta ba, amma ina ganin akwai nau'in haɗarin da ƙa'idarku ta biliyan ɗaya ba ta kama shi, wato inda allon ya faɗi gaskiya tsantsa amma mutum ya fahimci wani abu daban. A ranar 20 ga Janairu 1992 wani Airbus A320 na kamfanin Air Inter ya bugi dutse kusa da Strasbourg a Faransa, mutum 87 suka mutu. Bayanin da masu bincike suka fi karkata gare shi shi ne, matuƙan sun yi niyyar saukowa a kusurwar digiri 3.3, amma na'urar tuƙi, wato wadda ke tuƙa jirgi da kanta, tana kan tsarin saukowa da ƙafa a minti, don haka ta ɗauki umarnin a matsayin ƙafa 3,300 a minti ɗaya, kusan ninki huɗu na abin da ake bukata. Taga ɗaya ce ke nuna duka biyun, maɓalli ɗaya ake murɗawa, kuma bambancin da ke tsakanin 3.3 da 33 ɗigo ne. Bayan haka aka gyara, saurin saukowa ya koma lambobi huɗu cikakku. Babu wayar da ta tsinke a wannan jirgi.

Ga amsata ga Malam Nuhu kai tsaye. Matuƙin zamanin da yana tambayar kansa ne ina jirgin yake. Matuƙin yau yana da ƙarin tambaya, wato me kwamfutar take yi yanzu, kuma me za ta yi nan gaba. Amsar tana cikin wani siririn layi a saman allo, cikin gajerun haruffa, kuma wani lokaci tsarin yakan sauya da kansa ba tare da an taɓa komai ba. A San Francisco, a Yulin 2013, matuƙan Boeing 777 na Asiana sun zaci na'urar totur tana riƙe musu da gudu, alhali ta shiga tsarin da ba ta yin komai, har jirgin ya bugi katangar bakin teku kafin titin sauka. A Amsterdam a 2009 kuma, ma'aunin nisan ƙasa na hagu a wani Boeing 737 na kamfanin Turkiyya ya nuna ƙafa 8 ƙasa da sifili, totur ya ɗauka an zo taɓa ƙasa ya janye ƙarfin injuna, mutum tara suka mutu. A duka biyun rubutun yana nan a kan allo.

Kyaftin Garba:
Dakta, a nan zan ɗan ja da kai. An horar da mu mu furta duk wani sauyi na wannan layi da baki, abokin aiki ya tabbatar, kuma allon yakan zagaye sabon rubutun da akwati na 'yan daƙiƙu don jan ido. A haɗurran biyu na ƙarshe da ka ambata, gudu ya daɗe yana raguwa a gaban mutum uku ba wanda ya ɗauki mataki da wuri. Idan muka ɗora wa allo komai, za mu saki lura, wadda ita ce ainihin aikin matuƙi.

Dakta Lawal:
Ranka ya daɗe, ba ina wanke matuƙan ba ne. Abin da nake cewa shi ne, idan ƙwararru daban-daban a kamfanoni daban-daban suka yi ta tuntuɓe a wuri ɗaya, to akwai dutse a wurin. Binciken da aka yi da na'urar bin motsin ido ya nuna cewa matuƙa sukan rasa ganin wasu daga cikin waɗannan sauye-sauye, musamman waɗanda ba su ne suka jawo su ba, domin ido yana zuwa ne inda zuciya take tsammanin labari. Mai zayyana da ya dogara ga cewa mutum ba zai taɓa shagala ba ya yi zayyana ne don wani halitta da ba mutum ba.

Malam Isiyaku:
A matsayina na mai gyaran jirage, abin da ke damuna shi ne lokacin sauyi daga wani tsari zuwa wani. Haɗarin Kegworth a Ingila, a ranar 8 ga Janairu 1989, misali ne da ake koyarwa har yau. Boeing 737-400 ne sabo fil, ruwan fankar injin hagu ya karye, amma matuƙan suka kashe injin dama mai lafiya. Ma'aunin jijjiga na injin hagu ya kai ƙarshe, sai dai ƙarami ne, kuma a sabon tsarin an maye allura da wani ɗan haske da ke zagaya gefen da'irar. Ga shi kuma matuƙan sun taso a jiragen da ba a yarda da ma'aunin jijjigarsu ba, kuma ba su sami horo a na'urar kwaikwayon tuƙi mai wannan sabon allon ba. Abin da ya ƙara rufe musu ido shi ne, da suka janye totur na dama sai jijjigar ta lafa, suka ɗauka sun yi daidai. Mutum 47 suka mutu a gefen babbar hanyar M1, ga titin sauka ana hange. Ma'aunin ya inganta, amma amanar da mutane suka ba shi ta tsohon ce.

Malama Zainab:
Ina biye da ku a matsayin mai koyo, kuma ina da tambaya. Tun da allunan yanzu manya ne, me zai hana a nuna komai a kowane lokaci, kowace matsala kuma a ba ta ƙararrawarta, sai matuƙi ya zaɓi abin da yake so?

Injiniya Hadiza:
Malama Zainab, abin da ya yi ƙaranci a ɗakin tuƙi hankalin matuƙi ne, fili kuwa akwai shi. Shi ya sa tsarin da ake bi yanzu shi ne, idan komai lafiya fitilu su kasance a kashe, duk abin da ya kunnu yana da magana. Launuka ma doka ta kayyade su: ja na abin da ke son mataki nan take, ruwan goro na abin da ke son a sani yanzu a ɗauki mataki daga baya, kore na lafiya. Idan aka yi ta amfani da ja a kan ƙananan abubuwa, ranar da wuta ta tashi ba zai girgiza kowa ba. Har ma akan ɓoye gargaɗi da gangan: a jiragen Airbus, daga lokacin da gudu ya kai not 80 (not ma'aunin gudun jirgi ne) a kan titi har jirgi ya hau ƙafa 1,500, kwamfuta tana danne yawancin saƙonni, ta bar masu tsanani irin su gobarar inji, don kada ƙaramar matsala ta sa matuƙi ya taka birki a lokacin da tsayawa ya fi tashi haɗari.

Abin da yawan saƙo yake haifarwa an gan shi a ranar 4 ga Nuwamba 2010, lokacin da injin wani A380 na Qantas ya tarwatse bayan tashi daga Singafo, ɓaraguzansa suka yanke wayoyi da bututu a fiffike. Saƙonni suka yi ta jeruwa, sai da aka shafe kimanin minti 50 ana bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma an yi sa'a matuƙa biyar ne a ɗakin ranar. Kwamfutar tana lissafa abin da ya lalace, su kuwa abin da suke son sani shi ne abin da ya rage yana aiki. Duka mutum 469 sun sauka lafiya. Ƙarancin sauti ma yana da nasa haɗarin. A jirgin Helios da ya faɗi a Girka a Agustan 2005, ƙahon da ke gargaɗin raguwar iskar numfashi shi ne dai wanda ke gargaɗin cewa ba a shirya jirgi daidai don tashi ba. Matuƙan suka ɗauke shi da ma'ana ta biyu, suna neman dalili har suka suma, mutum 121 suka mutu. Daga baya aka wajabta ƙara fitilun da ke bambanta su.

Malam Nuhu:
To idan na fahimta, Injiniya tana tsoron allon da ke ƙarya, Dakta yana tsoron wanda ke faɗin gaskiya a muryar da ba a ji. Ina so ku haɗu a kan jirgin Air France 447, domin a ganina duka biyun sun faru a can.

Dakta Lawal:
Haka ne, Malam. A ranar 1 ga Yuni 2009, a kan tekun Atlantika, ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu na wani A330 na ɗan lokaci, na'urar tuƙi ta saki jirgin, matuƙin da ke riƙe da shi ya ɗaga hanci har fiffike ya daina ɗaukar jirgi. Gargaɗin wannan hali ya yi ta ƙara na daƙiƙa 54 a jere. Amma an tsara kwamfutar ta ɗauki ma'aunin kusurwar da iska ke bugun fiffike a matsayin marar inganci idan gudun da aka auna ya gaza not 60, saboda haka da lamarin ya yi muni sosai sai gargaɗin ya yi shiru, idan kuma suka sunkuyar da hanci, wanda shi ne daidai, gudu ya dawo, sai ya sake tashi. Wato na'urar tana tsawata musu a kan gyara, tana yin shiru a kan ɓarna. Ga kuma sandunan jagora na allo, waɗanda ke nuna wa matuƙi inda zai dosar da jirgi, suna ɓacewa suna dawowa. Mutum 228 suka mutu. Kusurwar da iska ke bugun fiffike, wadda ita ce ainihin abin da ke yanke hukunci, jirgin ya san ta amma bai nuna musu ita kai tsaye ba, kuma hukumar binciken Faransa ta ba da shawarar a duba wajabta nuna ta. Ni ina goyon bayan haka.

Kyaftin Garba:
Ni kuwa ina da shakka. Matuƙan jiragen saman yaƙi da ke sauka a kan jiragen ruwa da ita suke sauka, amma sun rayu da ita tun ranar farko. Ma'aunin da ba ka kallo a tafiya dubu ba za ka neme shi a daren da komai ya rikice ba. A wannan dare zaman hancin jirgi yana nan a kan allo daidai, ma'aunin tsayi yana zuba ƙasa, kuma waɗannan biyun sun isa. Mutum a cikin firgici yana komawa ga abin da ya fara koya, shi ya sa ma bambancin ma'aunin zaman jirgi yake da haɗari: a tsarin Yamma layin sararin sama ne ke karkata jirgi yana tsaye, a tsohon tsarin Tarayyar Sobiyet kuwa hoton jirgin ne ke karkata. An ambaci wannan a binciken haɗarin Perm a Rasha a 2008, inda matuƙan da suka taso a kan tsarin Sobiyet suke tuƙa Boeing 737, mutum 88 suka mutu. Ƙara sabon ma'auni ba tare da sa'o'in horo ba ƙarin kaya ne kawai.

Injiniya Hadiza:
Kyaftin, akwai matsaya tsakaninku. Ba lallai a ƙara agogo ba, amma lallai allo ya faɗa a fili lokacin da ma'aunansa suka saɓa wa juna. A Boeing 737 MAX akwai saƙon da aka tanada don sanar da saɓanin ma'aunan kusurwar iska biyu, sai dai a aikace bai yi aiki ba sai a jiragen da aka saya musu ƙarin ma'aunin na zaɓi. Ba na cewa shi kaɗai zai hana haɗurran Indonesiya da Habasha na 2018 da 2019, waɗanda suka ci mutum 346, domin tushensu wata manhaja ce da ta dogara ga ma'auni ɗaya. Amma matuƙan sun fuskanci sandar tuƙi tana girgiza, wato gargaɗin cewa fiffike yana gab da daina ɗaukar jirgi, da wasu gargaɗi iri-iri a lokaci guda, ba tare da wani abu ya nuna musu tushen guda ba.

Malam Isiyaku:
Wannan ya kawo mu ga abin da ba a cika faɗa ba, wato kuɗin horo. Kamfanonin sufuri suna son sabon jirgi ya yi kama da tsoho don kada a mayar da dubban matuƙa aji, saboda haka mai zayyana ba a kan farar takarda yake farawa ba. Boeing 757 da 767 suna da allon da ke tattara gargaɗi wuri ɗaya cikin jerin fifiko tun farkon shekarun 1980, amma 737 har yau yana kan tsarin fitilu warwatse da ya gada. Majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 2020 cewa jiragen da za a amince da su bayan Disambar 2022 sai sun zo da tsarin gargaɗi na zamani, sannan da wa'adin ya zo ta ɗage wa MAX 7 da MAX 10, bisa sharaɗin a ƙara hanya ta uku ta lissafa kusurwar iska, da hanyar kashe girgizar sandar tuƙi idan ta tashi bisa kuskure. Hujjar da aka bayar ita ce, matuƙin da ke tuƙa samfuri biyu a mako ɗaya bai kamata ya tarar da tsarin gargaɗi biyu ba.

Malama Zainab:
Kyaftin, wannan hujja ta yi kama da taka ta ɗazu a kan abin da mutum ya saba. Kana goyon bayan ɗagewar ke nan?

Kyaftin Garba:
Rabi da rabi, Malama. Na yarda cewa cakuɗa tsari biyu a jirage masu suna ɗaya haɗari ne na gaske, kuma Kegworth ya nuna haka. Amma maganinsa a wurina shi ne a sauya duka jiragen a kuma biya kuɗin horon, domin idan aka bi wannan hujja har ƙarshenta babu ranar da za a taɓa gyara komai. Sharaɗin kashe girgizar sanda kuwa ina maraba da shi ƙwarai, saboda wanda bai taɓa jin ƙarar wannan na'ura ba ba zai gane yadda take hana mutum biyu jin maganar juna ba, balle su tsaya su karanta allo.